In ɗauki Faransanci a gefen digirina?

Tambaya: Malam, ina aji biyu a jami'a, ina karanta kiwon lafiyar al'umma. Makarantarmu tana bin tsarin Amurka, ana barin ɗalibi ya haɗa babban fanninsa da wani ƙarami. Raina yana son Faransanci, amma rabona da shi tun ɗan abin da aka koya mana a ƙaramar sakandare. Kwas shida ne, sunansa "Harshe da Al'adun Faransa". Kawuna ya ce ɓata lokaci ne tunda Nijar ma ta kori Faransa, gara in ɗauki kwamfuta. Mahaifiyata kuma kalmar "al'adu" ce ta tsaya mata a rai. Zan ji harshen da kwas shida? Zai ba ni aiki?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na haura shekara ashirin ina koyar da Faransanci, a tsakani kuma na taɓa aikin tafinta, saboda haka wannan tambaya ta sha zuwa ofishina, wani lokaci ɗalibi ne ke kawo ta, wani lokaci uba ne da kansa. Shawarata ki ɗauka. Sai dai kwas shida ba za su sa ki ji Faransanci ba, duk wanda ya ce miki za su sa bai zauna ya yi lissafi ba. Zo mu yi shi tare.

A irin tsarinku kwas ɗaya awa uku ne a mako, zangon karatu kuma mako 15. Awa 45 ke nan. Sau shida, 270. Daga ciki ki cire kwas ɗaya ko biyu na tarihi da al'adu, waɗanda jami'o'i da dama da Turanci suke koyar da su. Ki cire makon rajista, da ranar da malam ya tafi taro, da ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke. Abin da zai rage bai wuce awa 200 ba, a warwatse cikin shekara biyu da rabi, ga dogon hutu a tsakani yana cinye rabin abin da aka tara.

To awa nawa ake bukata? Akwai ma'aunin da Turawa suka tsara na gwada ƙwarewar harshe, mai matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2, kuma shi ne duk inda kika je za a tambaye ki. Mai A1 ya iya gaisuwa da faɗin sunansa da garinsu. Mai A2 zai yi cefane, ya tambayi hanya. Mai B1 zai yi tafiya shi kaɗai, ya bayyana wa likita abin da ke damunsa, ya ba da labarin jiya. B2 ne ke zama a taro ya bi zancen, ya yi musu, ya rubuta rahoto. Cibiyoyin koyar da Faransanci kan ƙiyasta awa 350 zuwa 400 kafin a kai B1, da kimanin 600 kafin B2. Makarantar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta sa Faransanci cikin masu sauƙi ga mai jin Turanci, amma duk da haka awa 600 zuwa 750 take ware masa, ga mutanen da ba su da wani aiki sai shi. Kin ga ke nan ƙaramin fanni zai ajiye ki a A2, in kin dage ki leƙa B1. Aiki kuwa daga B2 yake farawa. Awa 400 ɗin da ke tsakani ba a aji za ki same su ba, kuma yadda za ki same su shi ne ainihin abin da ya kamata mu tattauna.

Amma kafin nan, kada ki raina abin da ajin zai ba ki. Shi ne zai kafa miki nahawu a jere, ya tilasta miki rubutu, ya ba ki wanda zai ja jan biro a ƙarƙashin kuskurenki. Na ga 'yan kasuwa da direbobi da suka tsinci Faransanci a hanyar Kwatano, bakinsu kamar ruwa, amma ba za su iya rubuta layi biyu ba. Na kuma ga ɗalibai masu babban maki da in an gaishe su da Faransanci sai su kama murmushi. Dukansu rabi suke da shi.

Ni kaina na fito daga kashi na biyu. Aikin tafinta na farko da na yi, wani taro ne na rigakafin dabbobi a wani garin kan iyaka, jami'an ɓangarorin biyu da shugabannin makiyaya a zaune ƙarƙashin rumfa. Ina da digiri a lokacin, ina ji da kaina. Jami'in ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce sun gama allura a quatre-vingt-dix-sept villages. Ina jin quatre bakina ya riga kunnena, na ce "ƙauyuka huɗu". Wani dattijo mai rawani daga can gefe ya ɗaga sandarsa ya ce, "Mushe (wato monsieur), huɗu kawai? To namu ma sun fi huɗu." Aka fashe da dariya. Ƙauyuka 97 mutumin yake nufi. Bafaranshe ba shi da kalma guda ta saba'in, ko tamanin, ko casa'in: saba'in "sittin da goma" ce, tamanin "ashirin huɗu", casa'in da bakwai kuwa "ashirin huɗu da goma sha bakwai". Na san wannan a takarda tun aji ɗaya, na ci shi a jarrabawa. Abin da ban yi ba shi ne jin sa daga bakin mutum mai sauri, da ƙarar janareta a bayana. Daga ranar na koma kunna rediyo ina rubuta duk lambar da aka ambata, har wata uku. (In kin je Kongo ta Kinshasa ko Beljiyam za ki ji septante da nonante, saba'in da casa'in a kalma guda, ki gode wa Allah.)

Yanzu ga abin da Hausa ta ba ki kyauta. Ɗalibin da Turanci kaɗai ya sani yakan sha wuya kafin ya yarda cewa tebur ko ƙofa suna da jinsi. Ke kuwa kin tashi kina cewa riga ce, wando ne. Tunanin yana kanki tuni. Inda tarkon yake shi ne jinsin ba ya zuwa daidai da namu: rana mace ce a Hausa, le soleil namiji, wata namiji ne a wurinmu, la lune mace. Saboda haka kada ki taɓa haddace suna tsirara, ki haddace shi da le ko la ɗinsa kamar sunansa na yanka. Haka bambancin tu da vous, wanda ke rikita Ba'amurke. A wurare da yawa a ƙasar Hausa yaro ba ya ce wa mahaifinsa "kai", sai "ku". Vous ke nan. Sai harafin r ɗinsu na maƙogwaro: in kin yi Islamiyya kin iya furta gaini, to kin yi kusa da shi fiye da ɗan Landan. Ko ba ki iya ba ma kada ya dame ki, a Afirka miliyoyin mutane da r irin namu suke magana kuma ana fahimtarsu.

Abin da zai dame ki da gaske p da f ne, da v da b. Bakinmu ba ya raba su sai an horar da shi. Voir gani ne, boire sha. Na taɓa samun ɗalibin da ya tsaya a gaban aji ya sanar da mu cewa gobe zai je ya "sha" likita. Pou kwarkwata ce, fou mahaukaci, ke da za ki yi aikin lafiya kin ga ba kalmomin da za a musanya ba ne. Akwai kuma wasalin u da babu shi a Hausa ko Turanci: ki zumɓura baki kamar za ki ce "u", sai ki ce "i". Shi ya raba rue, titi, da roue, taya, ya kuma raba dessus da dessous, sama da ƙasa. Waɗannan a makonni shida na farko ake gyara su, gaban madubi, da babbar murya. In suka zauna a karkace, to icce ya bushe.

Turancinki kuma zai yi miki rana, ya kuma yaudare ki. Kalmomi dubbai iri ɗaya ne a rubuce, shi ya sa za ki fara karanta jarida tun kafin ki iya fahimtar gaisuwar mai gadi. Amma médecin likita ne, magani médicament; librairie shagon sayar da littattafai ne, ba ɗakin karatu ba; attendre jira ne. Babbar matsalar ita ce rubutu da furuci ba sa tafiya tare. Il parle da ils parlent, "yana magana" da "suna magana", a kunne abu ɗaya ne. Kalmomi kuma mannewa suke da juna, har jimla guda ta fito kamar kalma ɗaya doguwa. Maganin wannan tsohon abu ne da aka daina yayi: shifta. Ki saurari jimla, ki tsayar, ki rubuta, ki duba.

Ga inda awa 400 ɗin za su fito. Gidan rediyon Faransa RFI yana da labarai na minti goma cikin sauƙaƙan Faransanci, Journal en français facile, ana sa rubutun a intanet tare da sautin. Dabarar da nake ba ɗalibaina: ki fara jin labaran duniya da Hausa, a duk tashar da kika saba, har ki san abin da ya faru yau. Sannan ki kunna na Faransanci, ba tare da kallon rubutu ba. Sannan ki sake ji kina bin rubutun da ido. Sannan ki ɗauki jimla uku ki yi shiftarsu. Minti talatin ke nan. Rabin awa kullum na shekara biyu ya haura awa 350. Wanda ya bari sai ranar Asabar ya zauna awa huɗu bai yi daidai da ke ba, don kunne da maimaici yake sabawa. Manhajojin waya masu ba da tauraro da kofi suna da daɗi, suna taimakawa wajen kalmomi a farko, amma na ga masu kwana 500 a jere a kansu da ba za su iya riƙe hirar minti biyu ba.

Sai zama cikin masu harshen. Ɗaliban da Faransanci ne babban fanninsu a jami'o'in Najeriya, in sun kai aji uku akan tura su Ƙauyen Faransanci da ke Badagiri a jihar Legas, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991 bayan da kuɗin tura ɗalibai ƙasashen waje ya gagara. Mai ƙaramin fanni ba ya cikin wannan tsari, sai ya nema wa kansa. Ƙauyen yana karɓar 'yan gajeren kwas. Akwai kuma cibiyar CEBELAE a Kwatano, da Village du Bénin a jami'ar Lome, dukansu an kafa su ne don baƙi masu koyon Faransanci, kuma 'yan Najeriya sun daɗe suna zuwa. Dogon hutu ɗaya a irin waɗannan wurare, in kin riƙe bakinki daga Turanci, ya fi zango biyu a aji.

Na san abin da za ki ce: ga Maraɗi nan kusa, ga 'yan'uwa a Damagaram, me zai kai ni Lome? Na tura ɗalibai can, na ga yadda suke dawowa. Sun yi ƙiba, sun iya lissafin sefa da dala, sun san dala ashirin ita ce sefa 100, jika kuma 1000, sun koyi cewa lakwal maimakon makaranta, da kaye, da balo, da duwan, da jandarma. Faransanci kuwa yana nan inda suka bar shi. Wa zai tsaya yana jan bonjour da ke alhali kuna da Hausa? Ko a Kwatano da Lome da Yawunde, in kika sauka a Zango kin koma gida. Amfanin Nijar gare ki daban ne: ki nemi ƙawa ɗaliba a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi mai son gyara Turancinta, ku yi yarjejeniya, rabin awa nata rabin awa naki a waya, Hausa haramun sai an gama.

Batun aiki. Layin da za a rubuta a takardar digirinki cewa kin yi ƙaramin fanni a Faransanci, shi kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Masu ɗaukar aiki sun san lissafin da muka yi a sama. Abin da suke yi, ana tsakiyar ganawa da Turanci sai ɗaya daga cikinsu ya juya harshe, a minti ɗaya an san matsayinki. Takardar da suke girmamawa ita ce DELF, wadda ma'aikatar ilimin Faransa ke bayarwa, kuma ba ta tsufa, in kin ci kin ci har abada. Sassa huɗu ne: saurare, karatu, rubutu, magana, kowanne maki 25. Ana cin ta da 50 cikin 100, da sharaɗin kada ki gaza 5 a kowane sashe. Ana rubuta ta a cibiyoyin Alliance Française, akwai su a Kano da Kaduna da Jos, da kuma cibiyar Faransa ta Abuja. Ki sa wa ranki A2 a ƙarshen aji biyu ko farkon aji uku don ki san yanayin jarrabawar, B1 a ƙarshen aji uku, B2 kafin ki gama bautar ƙasa. B2 ɗin ce yawancin jami'o'in Faransa ke nema ga mai son digiri na biyu. Masu harin Kanada kuma jarrabawar TEF ko TCF ake tambayarsu, waɗannan shekara biyu suke yi su mutu, don haka ba a yin su sai tafiya ta matso. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wannan goran in an fafe shi da wuri ruɓewa yake.

Abin da ya sa na ce ki ɗauka ba tare da jinkiri ba shi ne babban fanninki. Da a ce Faransanci kaɗai za ki riƙe, da na yi miki dogon gargaɗi, domin aikin fassara da tafinta sai mai C1 zuwa sama da horo na musamman, kuma na'ura ta fara cinye ƙananan ayyukan fassarar takardu. Amma ma'aikaciyar lafiyar al'umma mai Hausa da Turanci da Faransanci wata aba ce daban. Ki dubi taswira. Duk ƙasar da Najeriya ta haɗa iyakar tudu da ita, Benin, Nijar, Chadi, Kamaru, akasari da Faransanci ake rubuta takardun asibitinta. Sanƙarau da ƙyanda da kwalara da shan inna ba su san Jibiya daga Ɗan Isa ba, ko Illela daga Birnin Ƙonni. In cuta ta ɓarke, dole jami'an ɓangarorin biyu su zauna, mara lafiya yana magana da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, rahoton wannan da Turanci, na wancan da Faransanci. 'Yan gudun hijirar Najeriya suna Diffa, suna sansanin Minawao a arewacin Kamaru, suna yankin Baga Sola a Chadi. Ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya yana Brazzaville. Ƙungiyar likitoci ta MSF, da aka kafa a Paris a 1971, a yankin Maraɗi ta yi ɗaya daga cikin manyan ayyukanta na tamowa a 2005, inda ta kula da dubun-dubatar yara, yawancinsu a gida da abincin gyaɗa na leda maimakon kwantar da su, aikin da ya sauya yadda ake jinyar tamowa har a asibitocinmu. Hukumar Tafkin Chadi tana Njamena tun 1964, Bankin Raya Afirka yana Abijan, sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya da Turanci da Faransanci take aiki. Mutumin da zai tsaya a tsakiyar duk wannan ya ji kowa da kunnensa ba shi da yawa.

Don haka tun yanzu ki karkata Faransancinki wajen sana'arki. Ki buɗe littafi daban na kalmomin lafiya: paludisme, wanda kowa ke yanke shi ya ce palu, zazzaɓin cizon sauro, rougeole ƙyanda, méningite sanƙarau, sage-femme ungozoma, ordonnance takardar magani. Ki san a Nijar ƙaramin asibitin gunduma CSI ake ce masa, na ƙauye kuma case de santé. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya da yawa suna fitowa da harsunan biyu, ki sauke su ki jera gefe da gefe. In akwai kwas na Faransancin sana'a ko na rubutun ofis a cikin zaɓinku, ki fifita shi a kan na waƙoƙin ƙarni na 17. Kuma kada ki bar zango ko ɗaya ya wuce ba kwas na harshe, ko da jadawalin ya matse. Ki yi na nahawu da magana a jere tun farko, na al'adu su zo daga baya, lokacin da za ki iya karanta wani abu da harshen kansa.

Mu zo kan kawu. Gaskiyarsa ta fuskar siyasa. Sojojin Faransa sun fice daga Nijar a Disambar 2023. Nijar da Mali da Burkina Faso sun bar ECOWAS a Janairun 2025, a watan Maris na shekarar kuma suka sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da, abin mamaki, a Yamai aka aza tubalinta ranar 20 ga Maris 1970, shugaban Nijar na lokacin, Diori Hamani, na cikin iyayenta. A watan Maris ɗin dai Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya faranta mini rai ƙwarai. Amma a gaya wa kawu ya karanta sauran layin: dokar ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Sanarwar korar Faransa ma da Faransanci aka karanta ta a talabijin. Likitan da ya yi shekara bakwai yana karatu da Faransanci ba zai wayi gari yana rubuta rahoto da wani harshe ba, haka alƙali, haka jami'in duwan, wato kwastan. Wataƙila jikokinki su tarar da wani hali, kuma ina fatan su tarar da Hausa a kan takardun asibiti. Ke dai shekarun aikinki da wannan za ki yi su. Ƙasashe 12 da suka rage a ECOWAS, biyar da Faransanci suke aiki: Benin, Togo, Kodebuwa, Gini, Senegal. Rahoton ƙungiyar masu Faransanci na 2022 ya ƙiyasta masu jin harshen miliyan 321, kuma fiye da rabin masu amfani da shi kullum a Afirka suke. Yawancin waɗanda za ki yi Faransanci da su a rayuwarki ba su taɓa ganin Paris ba. Mu ma nan, tun 1996 Janar Abacha ya ce Faransanci ne zai zama harshen hukuma na biyu, aka sa shi a manufar ilimi, amma ba a samar da malamai ba. Shi ya sa abin da kika fito da shi daga sakandare bai wuce comment tu t'appelles, "yaya sunanka", ba.

Hajiya kuma a kwantar mata da hankali. Ba rawa ake koyarwa ba, ba shan giya ba. Kwas ɗin al'adu tarihi ne da tsarin mulki da adabi: juyin juya halin 1789, kundin dokokin Napoleon na 1804 wanda har yau shi ne ƙashin bayan shari'ar maƙwabtanmu, yadda Faransa ta yi mulkin mallaka kai tsaye ta rage wa sarakuna ƙarfi alhali Ingila ta bi ta hannunsu, abin da ya sa Katsina da Maraɗi, uwa ɗaya uba ɗaya, suka tashi da tsarin hukuma daban. Za ki koyi dalilin da ya sa sefa, da aka ƙirƙiro a 1945, take ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, da dalilin da ya sa ta Nijar ba ta kashuwa a Chadi ko Kamaru. Za ki karanta dokar 1905 da ta raba addini da hukuma, wadda daga tunaninta aka hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati a 2004, aka hana rufe fuska a bainar jama'a a 2010, aka hana abaya a makarantu a 2023. Dokar 2004 ba ta shafi jami'a ba. 'Ya Musulma da wata rana karatu ko taro zai iya kai ta can, gara ta san wannan daga aji, ta kuma iya faɗin ra'ayinta a kai da harshensu. Ba a ce ki yarda da abin da kika karanta ba. Ni ban yarda da rabinsa ba, kuma ina koyar da shi.

Akwai ƙananan abubuwa ma da ke hana mutum jin kunya. A ofishin ƙasar Faransanci ba a fara magana sai an ce bonjour, ko tambayar hanya ce, wannan kam Bahaushe ba sai an koya masa ba. Wasiƙar hukuma tana da doguwar jimlar rufewa ta girmamawa wadda in kika bar ta an ɗauke ki mara ladabi. Rubutun makaranta kuma yana da tsari mai tsauri: a kawo magana, a kawo kishiyarta, a sasanta. In kika rubuta musu rahoto da salon da kika saba, sai su ce ba ki da tsari.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, wanda ni shi ya riƙe ni a wannan fanni: rabin tarihinmu da Faransanci aka rubuta shi. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram, Djibo Hamani na Adar, jami'o'in Damagaram da Tawa sunayensu suke ɗauke da su yau. Labarin ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine da ya ƙone garuruwan Hausa a 1899, da turjiyar Sarauniya Mangu a Lugu, da faɗuwar Rabe a Kusiri a 1900, da rahotannin ayarin Tilho da ya shata iyakar da ta raba mu tsakanin 1906 da 1909, duk suna cikin takardun tarihi na Yamai da na Aix-en-Provence a Faransa. Ɗalibin Kano ko Sakkwato da ba ya karanta Faransanci da ido ɗaya yake kallon ƙasar Hausa.

Kwamfuta kuwa, kawu bai yi kuskure ba da ya ce kina bukatarta. Mai kiwon lafiyar al'umma dole ta iya sarrafa alƙaluma, ta iya Excel sosai, ta taɓa manhajar R ko makamanciyarta, ta san DHIS2 da ma'aikatun lafiya ke tara bayanai a ciki. Sai dai waɗannan ana koyonsu a wata uku zuwa shida, a intanet ko a wurin aiki, ko mutum yana da shekara arba'in, kuma wani ɓangarensu yana cikin babban fanninki. Harshe shi ne mai son shekaru, da malami, da abokan aji da za ki yi kuskure a gabansu, da ƙuruciyar kunne. Abin da ya fi wuyar samu bayan an bar jami'a shi ake ɗauka a jami'a.

Kafin ki sa hannu a takardar rajista, ki je sashen ki tambayi abu uku: kwas nawa cikin shidan ake koyarwa da Faransanci zalla, ɗalibai nawa ne a ajin magana, kuma waɗanda suka gama bara wane mataki na DELF suka ci. In ajin magana ya haura mutum talatin, ki sani ba za ki buɗe baki fiye da minti biyu a mako ba, sai ki nemi ƙawar Maraɗin tun wannan zangon. In kuma aka kasa amsa miki ta ukun, ki nemi ɗaya daga cikin waɗanda suka gama, ki gaishe ta da Faransanci, ki tambaye ta abin da ta ci jiya da dare, ki ji ko aikatau ɗinta zai koma jiya.